Darasi na Tara: Idan 'Yan Alamomin Gefen Agogo Suka Ɓace

A kusurwar ƙasa ta hannun dama a fuskar kwamfuta, inda agogo da kwanan wata suke, akwai wasu ƙananan alamomi a jere. Ɗaya mai siffar lasifika ce, ta nan ake ƙara sauti ko a rage. Wata tana nuna ko intanet ya haɗu. Wata kuma ta manhajar tsaro ce, wadda ke farautar bairos. Ba a cika kula da su ba sai ranar da aka nemi ɗaya: mutum ya kai linzami inda ya saba don ya rage ƙara, sai ya tarar da wurin wayam.

Darasin nan na kwamfutar tebur ne mai aiki da Windows 10, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, ko Windows 11 na 2021. Idan ba ku san wanne ke gabanku ba, ku riƙe maɓallin da ke da tambarin taga a allon rubutu, ku danna R, ku rubuta winver a ɗan akwatin da ya buɗe, sannan ku danna Enter. Rubutun da ke kan fuskar yawancin kwamfutoci da Turanci yake, don haka za mu kawo shi yadda za ku gan shi. Wanda bai ƙware da Turanci ba ya riƙa gwada haruffan littafi da na fuskar kwamfuta, hakan ma ya isa.

Kafin a taɓa komai

Ɓacewar alama ba lalacewar kwamfuta ba ce. Alamar lasifika daban, sautin kansa daban. Ku kunna wani bidiyo ku saurara: sau da yawa za ku ji sauti na fita lafiya lau, alamar ce kawai ba a gani. Haka ma intanet. To, kada a yi gaggawar kwance wayoyi a ɗauki kwamfuta zuwa wurin mai gyara, balle a yarda a goge komai a sake zuba Windows saboda ɗan wannan. Ko dai an ɓoye alamar ne, ko manhajar da ke da ita ba ta aiki a lokacin, ko kuma abin da ke zana zirin ƙasan, wato dogon layin da agogo da alamomin suke kai, ya yi tuntuɓe. Da mafi sauƙi ake farawa.

Idan kuwa zirin ƙasan ne gaba ɗaya babu, har da agogo, ku danna F11 sau ɗaya, domin wannan maɓalli yakan sa shafin intanet ya mamaye fuska duka. In bai dawo ba, ku kai linzami can ƙarshen ƙasa. Idan zirin ya leƙo ya koma, to an saita shi ne ya riƙa ɓuya da kansa.

Ƙaramar kibiya

Kusa da alamomin akwai wata 'yar kibiya mai kallon sama, kamar haka: ^. Ku danna ta. Wani ɗan akwati zai buɗe da alamomi a ciki, kuma galibi wadda ake nema tana nan zaune. Akwatin nan kamar aljihun tebur yake, inda ake tura abin da ba a buƙata kullum don kada saman tebur ya cika. Tun daga Windows XP na 2001 aka fara ɓoye alamomin da aka daɗe ba a taɓa ba, saboda kowace manhaja aka zuba sai ta kafa tata, har jeren ya cinye wuri. Daga Windows 7 na 2009 kuwa, alamar sabuwar manhaja kai tsaye cikin akwatin take faɗawa, sai in mai kwamfuta ne ya fito da ita.

Fito da ita ba wuya. Ku ɗora linzami a kanta, ku danne maɓallin hagu kada ku saki, ku jawo ta zuwa gefen agogo, sannan ku saki. Ta zauna kenan. Da irin wannan jan ne yara ko wani mai hannun ƙaiƙayi kan tura alama cikin akwatin ba da sani ba.

Duba saiti

Idan babu ita a akwatin, ku riƙe maɓallin taga ku danna I. Shafin Settings zai buɗe. Ku shiga Personalization, daga nan Taskbar.

A Windows 10, ku gangara ƙasa za ku ga layi biyu. Na farko, Select which icons appear on the taskbar, na zaɓen waɗanda za su fito fili ne. Na biyu, Turn system icons on or off, shi ne mai riƙe da agogo da sauti da intanet. Kowanne yana da makunni a gabansa. Wanda ke kan Off ku mayar da shi On. Akwai kuma wani yanayi da ake kira Tablet mode, wanda aka yi domin na'urorin da ake shafa fuskarsu da yatsa. Idan aka kunna shi bisa kuskure, alamomin manhajoji sukan ɓace a lokaci guda. Ku riƙe maɓallin taga ku danna A, ku kashe shi daga nan.

A Windows 11, abin da za ku nema shi ne Other system tray icons. A tsofaffin fitowarsa Taskbar corner overflow aka rubuta. A nan ne kuma makunnin Hidden icon menu yake, wanda in an kashe shi ita kanta kibiyar ba za ta bayyana ba. Sai dai Windows 11 bai ba da makunnin kashe alamar sauti da ta intanet a wannan shafi ba. Idan su ne suka ɓace, kada ku ɓata lokaci a nan, ku wuce zuwa sashen Tayar da Explorer da ke gaba.

Waɗanda dama ba za su fito ba

Wanda ya saba da laftof yakan nemi alamar batir a kwamfutar tebur. Ba zai same ta ba, tunda babu batirin da za ta auna. Shi ya sa a saitin Windows 10 makunnin Power, wato na alamar batir, yake a dushe, ba ya dannuwa. Alamar cire filash lafiya ma sai an soka filash take fitowa, da an zare shi ta tafi.

Alamar manhaja kuwa tana nan ne muddin manhajar na aiki. In an rufe ta, alamar ta bi ta. Ku buɗe manhajar ku gani. Idan alamar ta dawo amma gobe da aka kunna kwamfuta babu ita, to an hana manhajar tashi tare da Windows ne. A Settings ku shiga Apps, sannan Startup, ku kunna makunninta. A nan ina ba ku shawara kada ku kunna duk abin da kuka gani a jerin, domin kowace manhaja da kuka ƙara tana ƙara wa kwamfuta nauyin tashi. Ta tsaro dai ba a barinta a kashe.

Tayar da Explorer

Wannan ne gyaran da ya fi cancanta a koya da kyau. Zirin ƙasa da agogo da alamomin duka wata manhaja guda ce ke zana su, sunanta Windows Explorer, ita ce kuma ke buɗe muku folda. Wani lokaci takan sarƙe, musamman bayan an sabunta Windows, ko kwamfuta ta daɗe a kunne. Sai a ga gurbi babu alama, ko alamar na nan amma ba ta amsa dannawa.

Idan kuna kwafe fayil zuwa filash, ku bari ya gama tukuna, don tayar da Explorer zai katse shi. Takardar da kuke rubutawa a Word ba za ta rufe ba, amma ku adana ta. Sannan ku buɗe kowace folda ku bar ta a buɗe, hakan zai sa sunan Windows Explorer ya hau saman jerin da za ku gani. Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager, shafin da ke jera manhajojin da ke aiki, zai buɗe; in ya fito ɗan ƙarami a Windows 10, ku danna More details. Ku nemo Windows Explorer, ku danna shi da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Restart.

Zirin ƙasa zai ɓace na 'yan daƙiƙoƙi, fuska ma tana iya yin duhu. Kada gabanku ya faɗi, haka abin yake. Idan ya ƙi dawowa, a cikin Task Manager ku nemi Run new task, ku rubuta explorer.exe, ku danna Enter. Wasu manhajoji ba sa mayar da alamarsu bayan wannan, sai an rufe su an sake buɗewa.

In har yanzu shiru, ku sake tayar da kwamfutar gaba ɗaya, amma da Restart, ba da Shut down ba. A Windows 10 da 11, Shut down yakan adana wani sashe na tsarin don kwamfuta ta tashi da sauri, sai matsalar ta iya tasowa tare da ita. Restart ne ke farawa daga tushe.

Inda za ku tsaya

Lasifika mai jan gicciye a jikinta ba ɓacewa ta yi ba, tana faɗa muku ne Windows bai ga abin fitar da sauti ba. Ku duba wayar lasifika. In tana soke daidai, batun direban sauti ne, wato manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sauti, aikin mai gyara. A kwamfutar ofis ko makaranta kuma, mai kula da kwamfutoci yana iya kulle wurin da gangan, sai ku ga makunnan sun dushe. Shi za ku yi wa magana.

Za ku iya jin masu gyara suna ambaton Registry, inda Windows 10 ke ajiye tarihin alamomin a ƙarƙashin sunaye biyu, IconStreams da PastIconsStream. Goge su yakan warware matsala mai taurin kai, amma goge layin da ba shi ba a wurin yana iya jawo abin da ya fi ɓatan alama muni. Ku bar wa wanda ya sani, ku kuma gaya masa matakan da kuka riga kuka bi.

Aikin gwaji

Ku zauna biyu-biyu a gaban kwamfuta ɗaya. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya ja wata alama ya jefa cikin akwatin kibiya, ko ya kashe makunninta a saiti. Wanda ya juya baya ya nemo ta, yana faɗin kowane mataki da baki kafin ya danna. In ya samo, sai ku yi musanyar kujera.