Yadda za ka rubuta tsuntsayen da ka gani da hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fadamun Haɗeja kan cika da baƙin tsuntsaye masu gudo wa sanyin Turai. Dausayin Baturiya da ke Kirikasamma ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, a 2008 saboda irin wannan arziki, kuma rahoton mutanen gari yana da amfani ƙwarai.

1. Fita bayan sallar asuba, kafin iska ta taso da hazo. Sa tufafi marasa haske, ka ba rana baya.

2. Riƙe littafi da biro. Fara da kwanan wata, lokaci da sunan wurin.

3. Rubuta kowa da kowa: balbela, kirinjijiya, zalɓe, ɗinya. Mutane kan raina na gida, wannan kuwa kuskure ne babba. Ungulu a da ba wanda ke waiwayarta a mahauta, yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Da an riƙa rubutawa, da an farga tun da wuri.

4. Garke in ya yi yawa, ƙirga goma, ka auna sauran da ido.

5. Wanda ba ka sani ba, kada ka laƙaba masa suna. Duba tsawon baki, launin ƙafa, yadda yake kiwo, ko da zoben shaida na masu bincike a ƙafarsa. Ɗauki hoto ko da dishi-dishi ne, ka tambayi masunta. Gauraka kuwa, kada ka yayata inda take kwana saboda masu tarko.

6. Tura bayanin ta manhajar eBird, wadda ke tattara rahoton tsuntsayen da mutane suka gani, idan ka samu intanet.