Yadda Ake Rage Girman Fina-finan Faifai Ba Tare da an Lalata Hoto Ba

Faifan DVD mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5, yayin da faifan Blu-ray yake ɗaukar gigabait 25 ko 50. Duk wanda ya tara faifai masu yawa, yake kuma son mayar da su cikin kwamfuta, zai ga cewa wurin ajiya yana cika tun aikin bai yi nisa ba. Mafita ita ce a matse kowane fim ya koma ƙaramin fayil, amma ya kamata a sani tun farko cewa matsewa zubar da wani ɓangare na hoton ce, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Gwanintar aikin ita ce a zubar da abin da ido ba ya gani, a bar abin da yake gani.

Kafin a fara, a duba dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar da ake zaune, domin a wasu ƙasashe buɗe makullin kariyar da kamfanoni ke sanya wa faifai laifi ne ko da mutum shi ya saya da kuɗinsa. Faifan da mutum ya ɗauka da kyamararsa ba shi da wannan matsala.

A raba aikin gida biyu. Da farko a kwafe fim ɗin daga faifai yadda yake, ba tare da an rage komai ba. Manhajar MakeMKV wannan ne aikinta: tana zuba hoto da sauti da rubutun fassara cikin fayil ɗaya na bidiyo, nau'in MKV, ba tare da ta taɓa ingancinsu ba. A cikin jerin da za ta nuna, wanda ya fi tsawo galibi shi ne ainihin fim ɗin, sauran kuwa tallace-tallace ne da ƙarin bayanai. Daga wannan kwafin ne za a matse, ba daga faifan kai tsaye ba, domin idan faifan yana da ƙarzuwa, gara a gano hakan cikin mintunan kwafewa da a gano bayan kwamfuta ta kwana tana aiki.

Mataki na biyu shi ne matsewar, kuma manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, ta wadatar. A nan za a zaɓi tsarin matsewa. Hoton DVD yana kan tsohon tsarin MPEG-2 ne, shi ya sa sababbin tsare-tsare suke iya rage shi sosai ba tare da an lura ba. Tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, kusan kowace talabijin da waya tana karanta shi. H.265 na 2013 yana ba da fayil mafi ƙanƙanta a inganci ɗaya, sai dai yana cin lokaci wajen matsewa, kuma tsofaffin na'urori ba sa buɗe shi. AV1 na 2018 ya ƙara gaba, amma na'urorin da ke karanta shi ba su kai na sauran yawa ba. A ganina, H.264 ya ishi DVD, tun da ribar da za a samu a ƙaramin hoto ba ta taka kara ta karya ba. A Blu-ray ne H.265 yake biyan wahalarsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙayyade wa kowane fim girman fayil iri ɗaya. Fina-finai ba buƙatarsu ɗaya ba: zanen katun mai launi shimfiɗaɗɗe yana matsuwa ƙwarai, amma tsohon fim mai ɓarɓashin hoto, ko mai yawan ruwan sama da hayaƙi da gudu, yana buƙatar wuri mai yawa. Saboda haka a ƙayyade inganci, a bar girman ya fito da kansa. Ma'aunin da ke yin wannan a HandBrake sunansa RF, kuma lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce inganci mai yawa da fayil babba. Masu manhajar suna ba da shawarar 18 zuwa 22 ga DVD, 20 zuwa 24 kuma ga Blu-ray mai layi 1080. Akwai kuma saitin gudu, wanda idan aka sa shi a hankali, manhajar takan samu damar nazarin kowane hoto da kyau. Matsewa da katin hoto na kwamfuta tana da sauri matuƙa, amma fayil ɗinta yakan fi girma a inganci ɗaya, don haka ba ita ta dace da abin da za a ajiye shekaru ba.

Kada a ɗora wa tarin duka saiti ɗaya ba tare da gwaji ba. A zaɓi babi ɗaya mai wahala, misali wurin da dare ya yi, ko inda kyamara ke bin abu da gudu, a matse shi da lambobi biyu ko uku, sannan a kalla a kan allon da aka saba kallo, daga nisan da aka saba zama. A dubi sararin sama da bangon da ke cikin duhu: idan launin ya rabu zobe-zobe maimakon ya narke a hankali, ko baƙin ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, an matse da yawa. A dubi fuska kuma, domin idan fatar ta yi sumul har gashin gira ya ɓace, a rage lambar da ɗaya ko biyu. Nau'in H.265 mai bit 10, wato wanda ke rarrabe matakan launi da yawa, yana rage matsalar zoben launi.

DVD yana da wata matsala tasa. Shirye-shiryen talabijin da bidiyon kyamarar gida sukan zo da hoto mai saƙaƙƙun layuka, wanda a allon kwamfuta yake fitar da tsage-tsage kamar haƙoran mataji a gefen duk abin da ke motsi. A kunna matatar hoto ta HandBrake mai suna Decomb, wadda ke gyara wuraren da matsalar take kawai. Kada kuma a faɗaɗa hoton: DVD yana da ɗigo 720 a faɗi, da 576 ko 480 a tsaye, kuma mayar da shi 1080 girma kawai zai ƙara, ba kyau ba.

Game da sauti, na DVD galibi a matse yake tun asali a tsarin AC3, don haka a wuce da shi yadda yake, a cire harsunan da ba a buƙata. Sautin Blu-ray marar ragi yakan ci gigabait da dama, kuma wanda ba shi da manyan lasifiku zai iya matse shi ya koma tsarin AAC. Rubutun fassarar Blu-ray hoto ne ba haruffa ba, kuma MKV ne yake riƙe shi a matsayin zaɓin da za a kunna ko a kashe, fayil nau'in MP4 ba ya riƙewa.

Idan gwajin ya gamsar, a adana saitin, a jera fina-finan a layin aiki, a bar kwamfutar a wuri mai iska domin za ta yi zafi. A tabbatar ma'ajiyar da za a zuba su ba a kan tsarin FAT32 take ba, domin ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4; exFAT ba shi da wannan iyaka. Fim ɗin da ake sayarwa ana iya goge babban kwafinsa bayan an kalli ƙaramin an tabbatar sauti da hoto suna tafiya tare. Amma bidiyon da iyali suka ɗauka da kansu, wanda yake kan faifan da aka naɗa a kwamfuta, a ajiye cikakken kwafinsa a ma'ajiya biyu daban-daban, domin rinin da ke riƙe bayanai a irin wannan faifai yana lalacewa da daɗewa, musamman idan zafi da hasken rana suna samunsa.