Yadda za ka bibiyi aikin mazaɓarku a kasafin kuɗin tarayya

Babbar matsalar kasafin kuɗi a Najeriya ita ce tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a kundi da abin da ya iso ga jama'a. Aiki yakan shiga kasafi, majalisa ta amince, shugaban ƙasa ya rattaba hannu, amma shekara ta ƙare ba a saki ko kwabo ba, ko kuma a saki rabi a bar ginin asibiti ba rufi, awaki suna kwana a ciki.

Ka fara da sauke kundin kasafin shekarar daga shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, ka nemi sunan garinku ko ƙaramar hukumarku. Kada ka tsaya ga ma'aikatar da kake zato, domin ayyukan mazaɓu, wato ayyukan da 'yan majalisa ke sakawa a kasafi don yankunansu, waɗanda aka saba ware musu naira biliyan 100 a shekara, sau da yawa ana cusa su ƙarƙashin hukumar da ba ruwanta da aikin, har ka tarar da rijiyar burtsatse ko fitilun titi a kasafin wata cibiyar binciken noma. A ganina nan ɓarnar take farawa, saboda hukumar da ba ta da injiniya ba za ta iya duba ingancin gini ba. Ka rubuta lambar aikin da adadin kuɗin da sunan hukumar.

Sannan ka tabbatar ko an saki kuɗin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar wasiƙa, kuma ta wajabta mata amsawa cikin kwana bakwai. Ka tambayi sunan ɗan kwangila, da nawa aka biya shi, da ranar da ya kamata ya kammala, kuma kada ka bar ofishin sai an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka.

Daga nan sai ka je wurin aikin da ƙafarka, ka ɗauki hotuna, ka karanta allon kwangila in akwai, ka tambayi mai unguwa yaushe ma'aikata suka daina zuwa. Idan an biya kuɗi amma babu aiki, ka haɗa takardun da hotunan ka kai ƙorafi ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda tun 2019 take bin diddigin ayyukan mazaɓu tana tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki.