Matakan tantance ra'ayoyin ƴan wasa kafin fara Monster Hunter Freedom Unite

Kamfanin Capcom ya fitar da wannan wasa na farautar dodanni a kan PSP, na'urar wasa ta hannu, a Turai da Amurka a 2009, kuma har yau ana saɓani a kansa a wasu fadodin samari a Yamai.

Da farko, ka tambayi mai ba ka shawara awa nawa ya yi yana bugawa, domin wanda ya ajiye na'urar tun karonsa na farko da dodon Tigrex zafin kaye ne yake magana a bakinsa.

Mataki na biyu, ka raba koke-koken gida biyu. Wasu suna kukan cewa sumar mafarauci sau uku take rushe farautar da aka ba ta minti 50, alhali wannan doka ita ce gishirin wasan. Wasu kuwa suna kukan kyamara, kuma a ganina suna da gaskiya, saboda ba ta bin dodon da kanta, dole ka lanƙwasa ɗan alinka a kan maɓallan juyawa yayin da babban yatsa yake tafiyar da mafaraucin. Na ga wani ƙanena a unguwar Bukoki yana yarfe hannu saboda wannan riƙo, shayinsa ya huce a gefen tabarma.

Daga nan ka tambaya da wane makami kowa ya gwada, tunda babban takobi da kwari da baka ba tafiyarsu ɗaya ba.

Sannan ka ari na'urar, ka cika mata caji, ka shiga farautar haɗin gwiwa ta mutum huɗu sau ɗaya, ka kuma gwada kai kaɗai.