Yadda na raba kajina da ɓeraye

Da sanyin bara wata baƙar kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya. Kafin mako ya zagayo saura huɗu. Shaho na fara ɗora wa laifi, daga baya na koma kan magen maƙwabta, har yara ma sun sha faɗa wai su ke barin ƙofar akurki a buɗe. Sai wata asuba na fito alwala da tocila a hannu, na haska bayan wani tsohon kwanon rufi da muka jingine da katanga, na hango ƙafar ɗan tsako guda da 'yan gashi a bakin rami. Nan jikina ya yi sanyi.

Gidanmu yana Fadaman Mada a cikin garin Bauchi, kajin gida nake kiwo, ashirin da 'yan kai. Da na kai wa surukata ƙorafi, ba ta ko tashi daga kan tabarma ba, sai ta nuna buhun dusar da na jingine a ƙofar kicin, gindinsa duk a huje, ta ce, "'Yata, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ke kika kira su walima." Raina ya ɗan sosu, amma gaskiyar Goggo ce. Ɓera ba don kaza yake zuwa gida ba. Dusa da tsaba da ruwa yake biyowa, in ya samu wurin zama ya hayayyafa, sannan ya waiwayi ƙwai da 'yan tsaki.

Don haka ki fara da abincin, tun kafin ki sayi tarko ko ɗaya. Kaza ba ta cin abinci a duhu, da magariba ta yi ta hau kan sanda shi ke nan sai safiya. Duk abin da ya kwana a kasko na ɓera ne. Ni yanzu da an kira sallar magariba nake kwashe kwanukan abinci da na ruwa, in share abin da suka watsar a ƙasa, in kife kwanukan a ɗaki. Ruwan ma kada ki raina shi, musamman da rani, domin babban ɓera sai ya sha ruwa kullum, gidan da ya samu ruwa a buɗe ba ya barinsa da sauƙi. Watsa musu hatsi a tsakar gida da yamma kuwa na daina, da safe nake yi, daidai abin da za su tsince tas.

Ajiya kuma sai ƙarfe. Buhu ba komai ba ne a wurin ɓera, bokitin roba ma na gwada, cikin dare biyu suka ɓula murfinsa. Na je kasuwar Muda Lawal na sayo durom na ƙarfe, maƙeri ya yanke bakinsa ya yi masa murfi mai zama daram, na ɗora shi a kan bulo biyu. Maigida ya yi ta mitar kuɗin, sai na yi masa lissafi: babban ɓera yana cin kamar giram 20 zuwa 30 a rana, guda goma ke nan a wata sun cinye kusan rubu'in buhu mai kilo 25 ko fiye, ban da wanda suka ɓata da kashi da fitsari. Daga nan bai ƙara magana ba. Ƙwai ma a kwashe kullum kafin dare, sai na wadda take kwanci.

In kin gama da wannan sai ki nemo hanyarsu. Dabarar Goggo ce, kuma ba ta cin ko sisi. Ki tankaɗe toka, ki barbaɗa ta siriri a gindin katanga da kewayen akurki bayan kaji sun shiga. Da sassafe, kafin kowa ya taka, ki je ki duba. Ranar da na fara yi na tsuguna ina kallon sawu ƙanana birjik, da layin jela a tsakaninsu kamar an ja zare, duk sun bi jikin bango sun nufi wuri guda, ƙarƙashin tarin itacen girki. Ɓera ba ya son ratsa fili, gefen bango yake bi, kuma hanya ɗaya yake maimaitawa. Ramukan da kika gani ki cusa musu takarda sako-sako. Wanda kika tarar an ture takardarsa da safe, da mai shi a ciki. In ramin ya kai girman dunƙulen hannu, da tulin ƙasa a bakinsa, to gafiya ce, ƙaramin tarko ba zai riƙe ta ba, sai na keji mai ƙofa.

Tarkacen bayan gida duk ki kwashe. Tsohon kwano, fasassun tukwane, buhunan da aka ce za a yi amfani da su wata rana, ciyawar gindin katanga. Itace ki ɗaga shi a kan bulo, ki janye shi daga jikin bango. Ba don ɓera kaɗai ba: inda ɓera ya yi yawa maciji na tafe, kuma kowa a yankin nan ya san saran maciji ne ke kai mutane asibitin Kaltungo na jihar Gombe.

Akurkin ne ya fi cin kuɗi da lokaci, a nan ne kuma na yi kuskure sau biyu. Ragar da aka fi sayarwa da sunan wayar kaji, mai manyan idanu, kaza kawai take tsarewa. Ɓera matashi yana ratsa ta kamar ba ta nan, domin in dai kansa ya shige, jikinsa ma zai bi. Ki nemi raga mai ƙananan idanu murabba'i, mai kauri, wadda idonta bai wuce rabin inci ba. In kin samu ta kwatan inci ta fi, don ƙananan ɓeraye ƙofar da fensir zai shiga ta ishe su. Kuskurena na biyu, na kafa ragar ta tsaya iya fuskar ƙasa, suka haƙa ta ƙarƙashi suka ɓullo a tsakiyar akurki. Sai da aka sake tonawa aka binne ta zurfin ƙafa ɗaya, aka lanƙwasa bakinta waje. Daga baya na tara kuɗin adashe birkila ya zuba mini siminti a daɓen gaba ɗaya. In siminti ya yi miki tsada, ki sa kafinta ya yi miki akurkin katako mai ƙafafu, tsayin gwiwa daga ƙasa, yadda za ki iya leƙa ƙarƙashinsa ki share. Ƙasan ƙofa a buga masa langa-langa, nan suka fi gaigaya. Ramukan bango kuwa kada ki toshe da laka zalla, a daren za su buɗe. Ki cusa guntun raga ko fasassun kwalabe tukuna, ki bi da siminti.

Kaza mai 'yan tsaki ba ta kwana da sauran a wurina sai sun yi wata guda. Keji na daban na yi mata, raga ta ko'ina har ƙasa, ina shigar da shi zaure da dare.

Yanzu ne tarko zai yi aiki, domin yunwa ta fara kama su. Da can da nake ɗana shi kusa da kasko cike da dusa, wa zai kula shi? Ki sayi na ƙarfe mai ƙarfi, ba guda ɗaya ba, biyar ko shida. Ɓera yana tsoron sabon abu, saboda haka daren farko da na biyu, har na uku ma, ki sa abinci a kai ba tare da kin ɗana ba, su ci su saki jiki. Dare na huɗu ki ɗana duka lokaci guda. Ni guda huɗu na kama a wannan daren. Ƙuli-ƙuli da kan busasshen kifi sun fi yi mini aiki, amma ki ɗaure da zare, in ba haka ba su zare abinsu su bar miki tarko a ɗane. Ki ajiye shi a kan hanyar da toka ta nuna miki, bakinsa na fuskantar bango. Sannan ki kifa masa kwando ko akwatin katako mai 'yar ƙofa a gefe, ki danne da dutse, don kada kaza ko yaro ya kai gare shi. Da asuba ki kwance kafin ki saki kaji.

Gam ɗin nan na kwali ba na sonsa. Ƙura da sanyi suna kashe danƙonsa, ƙadangare da ɗan tsako yake fi kamawa, kuma ɓeran da ya maƙale yana ta fitsari da kashi a wurin, ke ce za ki ɗauka. Mage tana da amfani a kan ƙanana, amma ta gidanmu in ta ga gafiya kan katanga take hayewa.

Shinkafar ɓera kuwa da ita na fara, kuma ita ta fi sa ni nadama. Wani mai talla da lasifika ya sayar mini da ƙulli a leda, ba suna ba rubutu. Na zuba a murfin gwangwani na tura bayan durom ɗin ruwa, a ganina kaza ba za ta kai ba. Ɓeraye suka jawo shi fili. Washegari zakarana ja da kaji biyu suka mutu, na haƙa rami na binne su ina hawaye, don ko kare ba a ba irin wannan naman. Maganin iri biyu ne a kasuwa: akwai mai kashewa cikin sa'o'i, akwai mai tsinka jini wanda sai bayan kwanaki yake kayar da ɓera. Na biyun yana barin ɓera ya yi ta yawo a galabaice, mage ko kaza ta same shi ta ci, guba ta wuce gare ta. Ga warin wanda ya mutu a cikin silin. In ya zame miki dole, ki saya a shagon magungunan dabbobi, mai kwali da rubutu, ki sa shi cikin bututun roba ko akwati mai kulle a wajen da kaji ba sa zuwa sam, ki kuma adana kwalin. In tsautsayi ya sa yaro ya ci, da kwalin za a ruga asibiti nan take, don likita ya san irin wanda zai yi wa magani. Kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Abin da ya sa ma na daina ɗaukar ɓera da wasa ya wuce kaji. Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da aka girbe gonaki aka ƙona daji ɓeraye suka dawo cikin gidaje. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano cutar a 1969. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ita, shi ba ta yi masa komai, ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci da ƙura. Ke da ido ba za ki bambance shi da sauran a cikin duhu ba, don haka kowane ɓera ki ɗauke shi a matsayin shi ne. Kada ki taɓa mushensa da hannu. Ki sa safar roba ko ki zura hannu a leda biyu, ki zuba masa ruwan Hypo, kashi ɗaya a cikin kashi goma na ruwa, ki ƙulle a leda ki binne da zurfi inda kaji ba za su tono ba. Kashinsu ma kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi, ki jiƙa da wannan ruwan tukuna. Tarkon a wanke, hannu a wanke da sabulu. Yaran da ke farautar gafiya su gasa, a hana su. Wanda kuma zazzaɓi ya kama a gida, aka sha maganin maleriya bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a kai shi asibiti da wuri, a kuma gaya wa likita akwai ɓeraye a gidan.

Kada ki ga kwana biyu shiru ki ce an gama. Cikin ɓera mako uku ne kacal, 'ya'yan kuma kafin wata uku sun fara nasu. Ga na maƙwabta, katanga ba ta tsare su. Na shiga gida biyu da ke jikin namu na roƙi matan mu ɗana tarko a mako guda, ɗaya ta yarda, ɗayar ta ce ita ba ta da ɓera. Ta wajenta nake ajiye tarko biyu har yau.

Duk daren Juma'a ina barbaɗa toka. Makon jiya sawu ɗaya na gani ta wajen magudanar ruwa, ragar bakinta ce ta yi tsatsa ta ɓalle, na sa yaro ya sayo wata aka buga. Baƙar kazar nan ta sake kwanci, ƙwai tara, saura kwana shida ta ƙyanƙyashe.