Kurakuran da aka fi yi wajen saita band da beacon a kontirola

Da zarar Wi-Fi ya fara yankewa a ofis ko makaranta sai ka ga mutum ya ruga kontirola, wato na'urar da ke juya duk akwatunan Wi-Fi na wurin, kan beacon interval yana canja lamba, alhali yawanci ba can matsalar take ba. Beacon ɗin nan shelar da AP, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, yake yi ne cewa ga ni nan ga sunana, interval kuma tazarar da ke tsakanin shela da shela, asalin saitinsa 100 TU ne, TU ɗaya kuma microsecond 1024, wato kusan sau 10 kenan a kowace daƙiƙa. In ka kai shi 500 wai don rage cunkoso, wayoyi za su riƙa jinkirin ganin netwok, tsallakawa daga wannan AP zuwa wancan ma ta zama aiki. Bar shi a 100 ɗinsa kawai.

Ainihin ɓarnar tana wajen yawan SSID, wato sunayen netwok da ake gani a waya. Kowanne nasa beacon yake aikawa daban a kowane rediyo, kuma da mafi ƙanƙantar mandatory rate ake aika shi, wato saurin aika data da dole kowace na'ura ta iya kafin ta shiga, to in ka bar 1 Mbps na tsohon tsarin Wi-Fi 802.11b a buɗe sannan ga SSID bakwai, na ma'aikata da na baƙi da na oga shi kaɗai, wallahi shela ta cinye kaso mai tsoka na iska tun kafin wani ya buɗe WhatsApp. Rage su zuwa uku ko huɗu, kashe rate na 1, 2, 5.5 da 11 Mbps, ka mai da 12 mandatory. Amma fa ka fara dubawa ko akwai tsohuwar na'ura mai 802.11b zalla, don daga ranar ta daina shiga.

A band ɗin 2.4 GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, faɗi 20 MHz, mai sa 40 a nan kansa yake cuta. Ƙure power ma haka, waya tana jin AP sanda cike amma nata sautin bai kai gare shi ba. A 5 GHz kuma tashoshin 52 zuwa 144 na DFS ne, wato ana raba su da radar, AP na jin radar zai tashi ya bar tashar, kada ka ɗauka ya lalace.

DTIM, wato adadin beacon da AP ke ƙirgawa kafin ya saki saƙon da ya ajiye wa na'urori masu barci, 1 ko 2 ya isa in ana kiran murya ta Wi-Fi, ɗaga shi sosai na tsimin batir amma multicast, saƙon da ake aika wa na'urori da yawa lokaci guda, zai riƙa makara. Sannan a kontirolar Cisco sai ka kashe band ɗin kafin ta yarda ka canja beacon period, wato beacon interval ɗin nan, kowa zai faɗo, don haka bari sai an tashi aiki.