Yadda na gyara maltikas da ya daina isa reshenmu

Bidiyon da muke watsawa ta maltikas (aika bayani ɗaya ga rukunin na'urori a lokaci guda) zuwa rukuni mai adireshin 239.1.1.1 ya daina isa reshenmu bayan an ja sabon layi tsakanin rautoci biyu (na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanyar da za su bi), alhali sauran zirga-zirgar bayanai tana tafiya lafiya lau. Umarnin show ip igmp groups da na ba rauta ya nuna cewa kwamfutocin reshen sun shiga rukunin, saboda haka na cire su daga zargi.

A rautar reshen ne show ip mroute count ya tona asirin matsalar, domin adadin fakitin (ƙunshin bayanai) da suka faɗi gwajin RPF (duba ƙofar da fakiti ya shigo ta cikinta) yana ta hauhawa. Ƙa'idar ita ce, rauta ba ta karɓar fakitin maltikas sai ya shigo ta ƙofar da ita kanta za ta bi idan tana neman tushensa. OSPF, tsarin da rautoci ke zaɓen hanya da shi, ya fifita sabon layin saboda ma'aunin nauyinsa (cost) ya fi ƙanƙanta, amma ba a kunna PIM, tsarin da ke isar da maltikas tsakanin rautoci, a kansa ba, fakitin kuwa suna shigowa ta tsohon layin, ana zubar da su.

Na sa ip pim sparse-mode a ƙofofin biyu na sabon layin don kunna PIM, show ip pim neighbor ya nuna maƙwabciyar rautar, hoto ya dawo. Kafa hanya da hannu ta ip mroute ma zai yi aiki, sai dai faci ne da ake saurin mantawa da shi.